Garka ko da ba ta wuce faɗin tabarma ba



Kaka ta wuce. An yanke gero, an ɗaure dammuna, an kai rumbu. Iska ta juyo daga gabas, buda ta rufe gari. Leɓe ya tsage, kaushi ya fito. Da asuba yara na kewaye murhu suna jin ɗumi. Samari da yawa sun ɗauki jaka sun tafi bida, wasu Najeriya, wasu Abijan. Waɗanda suka rage kuwa suna cewa aiki ya ƙare sai damina.

Ni ban yarda da wannan magana ba. A ganina ɗari shi ne lokacin da talaka zai tsare rumbunsa. Hanyar kuwa ita ce kowane gida ya yi ƴar garka, ko da ba ta wuce faɗin tabarma ba. Saurara ka ji dalilina.

Mu yi lissafi

Tun da yanzu ka iya rubutu, ɗauko littafinka da alƙalami. Kwana 7 a jere, rubuta abin da aka kashe a gidanka wajen mahaɗin miya: tumatir, albasa, tattasai, tonka, ganye. Kada ka bar ko dala ɗaya.

Mu ce dala 20 ce kullum. Ai ba kuɗi ba ne, ko? To, dala 20 sau 30 dala 600 ke nan, wato jika 3 a wata. A wata 4 na ɗari jika 12. Wani gidan ya fi haka, wani bai kai ba. Naka lissafin shi ne gaskiyarka.

Yanzu tambayi kanka: ina kuɗin nan ke fitowa? A gidaje da yawa daga rumbu suke fitowa. Yau a ɗebi tiya ɗaya a kai kasuwa, jibi a ɗebi biyu. Ana sayarwa lokacin da hatsi ke da araha. In damina ta faɗi, ga noma ga yunwa, sai a leƙa rumbu a ga ƙasa. Sai mai gida ya koma kasuwa ya sayi hatsin nan da tsada, ko ya ci bashi, ko ya bar gonarsa ya tafi ƙodago gonar wani. Ka ga miyar ɗari ta cinye tuwon damina.

Duk tiyar da ba ka sayar ba yau, ita ce za ta tsayar da kai a gonarka gobe.

Ba baƙon abu ba ne

Mu mutanen wannan yanki ba sai an koya mana noman rani ba. Albasar Galmi ta yi suna har Abijan da Akara da Kwatano. Wanda ya bi hanya daga Ƙonni zuwa Tsarnawa, ya wuce Malbaza ya kai Galmi, ya ga buhunan albasa jere a bakin titi. Ruwan Magiya da aka tare a Mozage da Zango shi ke shayar da gandarin Ƙonni. Sana'ar tana hannunmu.

Tsofaffi suna tune da farin 1984, da yunwar da aka sa wa suna El Buhari, don a lokacin ne Najeriya ta rufe iyaka. Shugaba Seyni Kunce ya yi kira a koma noman rani. Aka gina rijiyoyi, aka yi shinge, aka shuka. Mutane da yawa da ganye da dankali suka kai damina.

A 1994 aka karya darajar sefa, kayan waje suka hau. A 2019 aka rufe iyaka. A 2023 aka sake rufewa. Kowane karo ɗan Ƙonni ya ji a jikinsa, don cinikinmu da ƙetare ba ya rabuwa. Farashin kasuwa ba a hannunka yake ba. Iyaka ba a hannunka take ba. Amma ƙasar da ke bayan ɗakinka a hannunka take. Hausawa sun ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Abin mamaki, sai ka ga mutum yana aikin albasa a garkar wani wuni zubur, amma gidansa ko ganye ɗaya babu. Mun ɗauka garka sai mai fadama, mai rijiya, mai injin ban ruwa. A nan muka yi kuskure.

Ina ruwa?

Na san abin da za ka ce. Za ka ce: malam, mu da ke kan dutse, ruwan sha ma da ƙyar, ina na garka? Gaskiyarka. Akwai garuruwa a ƙasar Illela da Malbaza inda mace ke shan tafiya kafin ta cika tulu ɗaya. Ba zan ce a ƙara mata wahala ba.

Amma dubi ruwan da ke zubewa a gidanka. Mutum nawa ke alwala sau 5 a wuni? Ina ruwan yake zuwa? Ruwan wankin shinkafa fa, da na ɗauraye ƙwarya, da na wanke ganye? Sa tsohon kwano a wurin alwala ka tara. Da marece za ka yi mamaki. Fangali mai faɗin kamu 2 da tsawon kamu 4, bokiti ɗaya a wuni na iya riƙe shi a lokacin sanyi, don rana ba ta shan ruwa kamar bazara.

Sai dai a kula. Ruwan sabulu ba na ganyen da za a ci ɗanye ba ne. Shi a kai shi gindin itace.

Tuna da tassa. A 1989 wasu manoman Illela ta jihar Tawa suka je Yatenga, a Burkina Faso. Suka ga yadda ake gina ƴan ramuka a fako, a zuba taki, ruwan sama ya taru a ciki. Da suka komo suka gwada. Fakon da aka yi wa kallon banza ya ba da hatsi, maƙwabta suka gani suka kwaikwaya, har abin ya bazu wajen Badagishiri da kewaye. Hikimar ita ce kaɗan in an tara shi wuri ɗaya ya isa. Garkar gida ma haka take. Ruwa kaɗan, taki kaɗan, amma a gindin shuka.

Yadda za ka fara

Da farko zaɓi wurin da rana ke samu tun da hantsi. Inuwar ɗaki ba ta yi.

Na biyu, shinge. Kada ka shuka ko ƙwaya ɗaya kafin ka yi shi. Akuya ba ta san wahalarka ba, kaza ma haka. Kara na nan a gona, bai ci maka ko dala ba. Yi darni mai kauri, ka ƙara masa tsawo ta gabas da arewa, don ta nan iskar ɗari ke bugowa tana busar da ƙasa.

Na uku, ƙasa. Kafce ta da zurfin taƙi ɗaya ko fiye. Fitar da duwatsu. Zuba takin awaki ko na shanu wanda ya ruɓe. Ɗanyen taki ƙona shuka yake yi. Jiƙa wurin kwana 2 ko 3 kafin shuka.

Na huɗu, zaɓi abin da ke son sanyi: salati, shu, karoti, tumatir, albasa. Kuɓewa da alayyahu zafi suke so, bar su sai sanyi ya fara sauka. Salati da shu da tumatir a fara yafa irinsu a tsohon kwano. In sun yi ganye 4 ko 5 a dasa su da marece. Karoti ba ya son dashe, a shuka shi inda zai zauna. Albasar da ta tsira a ɗaki kada a yar, a binne ta, za ta ba da lawashi.

Na biyar, rufe ƙasa da ƙaiƙayi ko busasshiyar ciyawa don ta riƙe laima. In kana da tsohon tulu mai tsatsa, binne shi tsakiyar fangali har wuya, ka cika shi da ruwa ka rufe baki. Zai riƙa shayar da saiwa sannu sannu.

In ƙwari sun zo, kada ka ruga kasuwa sayen maganin da ba ka san kansa ba. Abin da ƴaƴanka za su ci ne. Barbaɗa toka. Ko ka daka ƴaƴan bedi, ka jiƙa su kwana, ka tace, ka yayyafa da marece. Tsutsar shu kuwa hannu ya ishe ta.

Kada ka manta da zogala, wadda wasunmu ke kira tamaka. Dasa biyu ko uku kusa da wurin wanka. Sanyi na rage mata sauri, amma in zafi ya shigo, lokacin da salati ya ƙare, ita za ta riƙe gidan.

Wanda ke gidan haya fa? Tsohon buhu, tsohuwar taya, fasasshen baho, duk garka ne. Cika su da ƙasa da taki. Ran tashi ka ɗauki abinka.

Ai kaya na da araha

Wani zai ce: don me zan wahala? A watan Janairu da Fabrairu tumatir har zubewa yake yi. Ran Laraba ka shiga kasuwar Ƙonni ka gani. Wannan ma gaskiya ne, kuma ba na gardama.

Amma araha ba kyauta ba ce. Wanda ba shi da dala, ko ana sayar da kwando dala ɗaya sai kallo. Kuma ba kowa ke kusa da kasuwa ba.

Sa'an nan arahar nan ba ta daɗewa. Jira bazara ta yi nisa, jira damina. Albasar da aka yi wa wulakanci lokacin cira ita ce ake nema ido rufe. Shi ya sa masu albasa ke ajiya a rudu. Kai ma yi naka rudun daidai ƙarfinka. Kuɗin da garka ta tsare maka, sayi tumatir da su lokacin da ya faɗi. A yanka, a shanya a kan tabarma mai tsabta, nesa da ƙasa, ya zama kauɗa. Lawashi a daka a yi gabu. Ganyen zogala a shanya shi a inuwa don kada ya koɗe. Iskar ɗari da ke tsaga mana leɓe ita ce ke busar da kaya ba da kuɗi ba.

Ke uwargida

Na san yawancin aikin nan a kanki zai faɗa. Saboda haka ribar ma taki ce. Ranar da saƙon mai gida ya makara daga bida, ba za ki aika yaro roƙon ganye gidan maƙwabta ba. Yaran da ke cin ganye da karoti sun fi ƙarfin jiki, mai ciki da mai goyo ma suna bukatarsu. A dai wanke salati sosai da ruwa mai tsabta kafin a ci.

Kai kuma mai gida, shinge da kafce naka ne. Yi su kafin ka tafi. Kunya ce namiji ya zauna bakin wuta yana hira, mace na sarar ƙasa.

Itace da wuta

Ɗari na da wata ƙofa da kuɗi ke bi, ita ce itace. Murhun duwatsu uku a fili, rabin wutarsa iska ke sha. Kewaye shi da laka, ka bar ƙofa ɗaya, ka juya ta baya ga iska. Rufe tukunya. Jiƙa wake tun dare. In an sauke tuwo, ɗora ruwan wankan yara a kan sauran garwashi. Tokar kuma ta tafi garka.

Abu ɗaya nake roƙonka. Kada ka kwana da garwashi a ɗaki rufe. Iskarsa na kashe mutum cikin barci, ba wari ba hayaƙi. Kuma a kashe wuta kafin a kwanta, don gobarar ɗari ba ta barin rumbu. Tsohon bargo da hular yaro sun fi kaskon wuta.

Fara yau

Ban ce garkar tabarma za ta sa ka yi arziki ba. Ba za ta kai ka Makka ba. Shekarar farko wataƙila akuya ta shiga, ko irin ya ƙi fita. Ni ma tawa ta farko kaji suka tone ta tas, don na yi gaggawar shuka kafin in gama darni. Da rarrafe yaro kan tashi.

In ka tashi daga aji yau, zaga gidanka ka zaɓi wuri. Gobe ka ɗauko kara. Ku haɗa kuɗi ku uku ko huɗu ku sayi iri ku raba, don ƙunshi ɗaya ya fi ƙarfin gida ɗaya. Bar salati biyu su yi fure, ka ajiye irin a kwalba don baɗi. Rubuta ranar shuka a littafinka, ka rubuta ranar da ka fara tsinka. In damina ta faɗi, buɗe littafin, ka leƙa rumbu, ka yi wa kanka hukunci.

Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, ya kai mu damina da rumbu a cike. Amin.

Tambayoyi

1. Nawa gidanku ke kashewa wajen mahaɗin miya a kwana 7? Nawa ke nan a wata?
2. Wane ruwa ne bai kamata a zuba wa salati ba?
3. Me ya sa ake yin shinge kafin shuka?
4. Rubuta sunan abu 3 da za a iya shanyawa a ajiye don damina.