Zuwa Ga Masu Gyaran Wi-Fi: A Fito Da Na'urar Gwaji Daga Jaka



Wata ɗabi'a ce da ta yi mana katutu ta sa na rubuto muku. Da zarar an kira ɗayanmu an ce Wi-Fi ba ya ja, sai ya kashe rauta ya kunna. In ba ta yi ba, ya ƙure mata ƙarfin watsawa. In ta ƙi, ya ce a sayo sabuwa. Na'urar gwaji kuwa, ko AirCheck ce ta NetAlly ko wata mai sauƙin kuɗi, tana cikin jaka ba a ko taɓa ta ba.

Ku fito da ita, amma kada ku tsaya a gindin rauta. Ku je har kujerar mai ƙorafin, kuma a lokacin da ya ce abin yana damunsa. Ofishin da kuka auna da ƙarfe 7 na safe ba kowa, ba shi ne na ƙarfe 11 ba, lokacin da kowa ya baje waya da kwamfuta.

Sandunan sabis na fuskar waya ba ma'auni ba ne. Lamba za ku duba. In ana so kiran murya da bidiyo su tafi lafiya, a nemi -67 dBm ko abin da ya fi shi. In kun ga -80, an yi nisa. Kowane 3 dB da ya ragu, rabin ƙarfin ne ya tafi. Sannan ku duba tazarar da ke tsakanin sigina da hayaniyar da ke iska: in ta gaza 25 dB, murya za ta fara yankewa ko da sanduna sun cika fal.

Maganar ƙure ƙarfi ita ta fi ci mini tuwo a ƙwarya. Wi-Fi zance ne na mutum biyu. Rauta mai ƙarfi da ƙaramar waya kamar mai lasifika ne yana hira da mai raɗa daga nesa: mai raɗa yana jin mai lasifika sarai, mai lasifika ba ya jin amsa. Sai a yi ta maimaita saƙo, kuma na'urarku za ta nuna muku yawan maimaicin. Ga shi wayar za ta maƙale wa rautar nesa, ta ƙi komawa ta kusa da ita. Sau da yawa rage ƙarfi da matso da rauta tsakiyar gini shi ne magani, musamman a gine-ginenmu na bulo da siminti da ƙofofin ƙarfe.

A zangon 2.4 GHz tashoshi uku ne kawai ba sa hawa kan juna: 1 da 6 da 11. Wanda ya ɗora rauta a kan 3 ko 8 wai don ya guje wa cunkoso, ya ɓata wa maƙwabta biyu, ya ɓata wa kansa. Ku duba su wa ke kan tashar, har da MiFi da wayoyin da ma'aikata suka mayar rauta a cikin aljihu. Injin ɗumama abinci ma a wannan zango yake hayaniya. Duk abin da zai iya hawa 5 GHz ku mayar da shi can, amma ku tuna bai kai 2.4 ratsa bango ba.

In iska lafiya lau take, to a bar zargin Wi-Fi, a bi sawu. Na'ura ta samu adireshi? In ya fara da 169.254, DHCP ne bai amsa ba. In adireshi daidai ne, a yi ping zuwa rauta, sannan 8.8.8.8. Lamba ta amsa amma suna ya ƙi buɗewa, DNS ne. Daga nan a sauka kan wayar kebul, wadda mukan manta da ita saboda tana cikin silin. Kada ta wuce mita 100. In layin da ya kamata ya hau 1000 Mbps ya tsaya a 100, ku zargi silin waya da ya tsinke ko kan da ba a matse da kyau ba, domin gigabit sai da tagwayen sili huɗu duka. Haka wutar PoE: rautar da ke son ta wat 30 aka ba ta ta 15.4, za ta rage aiki ko ta riƙa mutuwa tana tashi.

Bayan gyara ku sake aunawa a kujerar nan, ku adana sakamakon farko da na ƙarshe. Sannan ku karɓi wayar mai ƙorafin ku gwada da ita, don eriyar na'urarku ta fi tasa ji.

Wassalam,
Ɗan'uwanku a sana'a.