Fatsa Mai Tsada Ba Ita Ke Kama Kifi Ba

'Yan'uwa ɗalibai, tun da muka dawo hutu hirar wasunmu ɗaya ce: sandar fatsa ta zamani mai ƙarfen naɗe zare, wadda suke gani a waya. Har akwai masu wuni da yunwa suna tara kuɗin tara don su saye ta. Mu dai a ganinmu asara ce.

Masu kamun kifi a Ingila da Amurka suna amfani da irin wannan fatsa. Wasu rafukansu masu sanyi ne garai-garai, kifinsu kuma yakan taso sama ya cafke ƙwaron bogi. Kogin Kaduna fa? Da damina jajawur yake. Tarwaɗarmu can ƙasa take kiwo cikin taɓo, warin tana ko hanjin kaza take bi. Ina ruwanta da ƙarfe mai walƙiya? Shi ƙarfen babban aikinsa naɗe zare ne.

Ku dubi Argungu, inda ake bikin kamun kifi tun 1934. Da koma da gora masunta ke fito da giwan ruwa da ta fi ɗan aji ɗaya nauyi. Sanin ruwa ne jarinsu.

Saboda haka, ɗan Barnawa ko Kakuri da ke sha'awar su, ya nemi ƙugiya da zare da sandar gora, ya bi babban da ya san kogin. Kada kowa ya je shi kaɗai, balle in ruwa ya cika. Kuɗin tara kuwa a ci abinci da shi, canjin a sayi littafi.