Hoto Takwas a Kwali: Darasi Daga Tsohuwar Kyamara ga Dutsin-Ma da Kurfi

A shekarar 1973, wani shahararren mai ɗaukar hoto ɗan Amurka, Walker Evans, yana gab da cika shekara 70, jiki ya fara gazawa, manyan kyamarorin da ya yi suna da su sun fi ƙarfin hannunsa. Sai ya samu wata 'yar kyamara ta kamfanin Polaroid mai suna SX-70, wadda ta shigo kasuwa a 1972. Ana naɗe ta a sa a aljihun babbar riga, kuma da an danna sai ta turo hoton waje, ya bayyana a tafin hannu cikin 'yan mintoci. Kamfanin ya ɗauke masa nauyin fim, ya ce ya ɗauka iya son ransa. Mai karatu zai zaci dattijon ya nufi fadar shugaban ƙasa ko dogayen benayen New York. Ina! Allunan da masu shago suka rubuta da fenti, ƙofofin tsofaffin gidajen katako, kibiyoyin da ake zanawa a kan kwalta, tarkacen da aka zubar a bakin hanya, da fuskokin ɗalibansa na jami'ar Yale, su ya bi yana ɗauka. Kafin mutuwarsa a watan Afrilun 1975 ya tara hotuna sama da 2,000. Yau gidan tarihi na Metropolitan da ke New York ne ke riƙe da kayansa, kuma masu bincike na komawa ga waɗannan 'yan hotuna don ganin kamannin ƙananan garuruwan Amurka a wancan zamani, domin akasarin allunan da shagunan sun daɗe da ɓacewa.

Asalin kyamarar kuwa tambayar yarinya ce. A 1943, a garin Santa Fe, 'yar Edwin Land mai shekara uku ta tambayi mahaifinta me ya hana ta ga hoton da ya ɗauke ta nan take. Land masanin kimiyya ne, shi ya kafa Polaroid, sai ya ɗauki maganar da gaske. A watan Fabrairun 1947 ya nuna wa masana abin da ya ƙirƙiro, a ƙarshen 1948 aka fara sayar da kyamararsa ta farko mai fito da hoto nan take a birnin Boston. Sirrin SX-70 yana cikin takardar hoton. A ƙasan kowace takarda akwai 'yar jakar sinadari, shi ya sa farin gefen ƙasa ya fi sauran faɗi. Idan aka danna, inji ya tura takardar tsakanin wasu ƙarafa biyu masu juyawa, su matse jakar ta fashe, sinadarin ya bazu a kan hoton ya wanke shi. Babu ɗakin duhu, babu dodon hoto da za a sake wankewa daga gare shi. Wanda ya fito shi ke nan, ba shi da na biyu a duniya.

Mu ma a ƙasar Katsina mun san irin wannan kyamara, sai dai ta wata fuska. Dattawa za su tuna mai hoton fasfo da kyamararsa mai ido huɗu, wanda ake zuwa wurinsa idan an matsu da cike takardar makaranta ko ta aikin Hajji, sha yanzu magani yanzu. Za su tuna masu yawo da kyamara a wuya ranar Sallah da wajen biki. Abin da muka sa ta yi mana ke nan: fuska, sabon ɗinki, amarya da ƙawayenta. Mai karatu ya jawo albam ɗin gidansu ya duba. Zai ga baba da babbar riga a gaban labule mai zanen furanni, zai ga yaya ranar saukar karatu. Ya nemi hoton unguwarsu, ko rijiyar da ake ɗibar ruwa, ko kasuwa, ko gonar kakansa da dawa ta yi kai. Da wuya ya samu ko ɗaya. Abin mamaki a nan shi ne, hoton mai rai ne malamai suka yi saɓani a kansa, har wasu iyayenmu ba sa yarda a ɗauke su. Hoton dutse da rafi da bishiya kuwa babu mai ja a kansa, amma shi ne muka fi yin watsi da shi.

Kuma ƙasar ba ta tsaya jiranmu ba. Dutsin-Ma ta zama hedikwatar ƙaramar hukuma a 1976. A 1983 aka kammala madatsar ruwa ta Zobe a kan kogin Karaduwa, ruwa ya rufe fadamu da gonakin da mutane suka tashi suna nomawa, aka samu masunta da 'yan lambu a inda da ake kiwo. A 1987 aka ƙirƙiro Jihar Katsina. A 2011 jami'ar tarayya ta zo, filaye suka yi tsada, gidajen haya na ɗalibai suka cinye gonakin bakin gari. A Kurfi, garin Maradin Katsina, da ƙauyukanta irin su Birchi da Tsauri da Rawayau, bulo da kwano na ta maye gurbin tubali da azara, zaure mai zane sai an nema, rumbun ƙasa ya fara zama abin kallo. Duk wannan ya faru a idon mutum ɗaya. Yaron da aka haifa bayan zuwan jami'a zai rantse haka garin yake tun fil azal, kuma in ka yi masa gardama, da me za ka kafa hujja?

To, a ce wani matashi ya samu irin wannan tsohuwar kyamara, domin har yanzu ana yi mata fim, me zai tarar? Abu na farko, kwali ɗaya hoto takwas ne rak. Mai ita tamkar maharbi ne mai bindigar gargajiya, wanda ya san ɗuri ɗaya gare shi, don haka ba ya harbi sai ya tsaya ya auna. Wanda ya saba da waya yakan ɗauki hoto talatin na abu guda, ya wuce bai kalli ko ɗaya ba. Mai hoto takwas kuwa idan ya shiga kasuwar Dutsin-Ma ranar Laraba, dole ya zagaya tukuna hannu a aljihu. Ya leƙa kara ya ga yadda dillali ke riƙe hannun mai saye, ya wuce 'yan hatsi da kwanon awo, ya tsaya wajen maƙera, ya ga masu amalanke. Sai ya tambayi kansa, a cikin waɗannan wanne ne jikokina ba za su gani ba? Wannan tambayar ita ce ribar kyamarar, kuma ita ce ta raba Evans da dubban mutanen da suka sayi SX-70 a shekara ɗaya da shi.

Abu na biyu, fim ɗin ba don ƙasarmu aka yi shi ba. Kamfanin ya ce ya fi yin kyau tsakanin digiri 13 da 28 a ma'aunin Salshiyas. A nan kuwa, a watan Afrilu zafi kan kai 40. Idan zafi ya yi yawa sai hoton ya rine, ya yi ja-ja ko rawaya-rawaya, launinsa ya dushe. Ana so a ajiye fim a firiji kafin amfani, ba a bar shi ya daskare ba, to wa ya ga wutar da za ta riƙe firijin? Da zarar hoton ya fito kuma sai a kife shi ko a sa a aljihu, domin a daƙiƙun farko haske na ɓata shi, a ba shi minti 10 zuwa 15. Kaɗa shi a iska da mutane ke yi ba ya ƙara masa komai, yana ma iya lalata shi. Ƙura ita ma abokiyar gaba ce, domin ƙwayar yashi ɗaya in ta maƙale a ƙarafan nan masu juyawa, sai ta bar ɗigo a jere a kan kowane hoto.

Sannan fim ɗin ba ya iya haɗa haske mai ƙarfi da inuwa mai duhu a hoto guda. Wanda ya tsaya gaban dutsen da garin Dutsin-Ma ya samo sunansa da rana tsaka, ko dai sama ta fito fari fat, ko dutsen ya fito baƙi ƙirin. Dabara ita ce a fita bayan asuba ko bayan la'asar sakaliya, a bar rana a bayan mai ɗauka. Ni a ganina babu lokacin da ya kai hunturu dacewa da wannan fim. Sanyin safiya ya yi daidai da abin da sinadarin ke so, hazo kuma ya tausasa hasken rana. A lokacin ne gawo ke kore shar a tsakiyar gonakin da aka girbe, alhali kuka ta zubar da ganye ta tsaya tsirara, ga buhunan kaka a bakin hanyar Kurfi, ga kwale-kwalen masunta a Zobe da ƙyar ake rabe ruwa da sama. Kada a raina kyamarar a ce ta wasan yara ce. Ansel Adams, wanda ya yi fice wajen ɗaukar duwatsu da dazuzzukan yammacin Amurka, ya daɗe yana ba Polaroid shawara, kuma da fim ɗinsu ya ɗauki ɗaya daga cikin sanannun hotunansa na dutsen El Capitan a 1968. Andrei Tarkovsky, mai shirya finafinai ɗan Rasha, da irin wannan kyamara ya riƙa ɗaukar ƙauyensu da karensa da hazon safiya daga 1979, gabanin ya bar ƙasar bai sake komawa ba.

Amma gaskiya ɗaya ce. Kwalin fim ɗin Polaroid yakan kai kusan dala 20 tun kafin a sa kuɗin jigila. Ba zan ce wa ɗalibin da ke lissafin kuɗin garin kwaki ya je ya saya ba. Instax na kamfanin Fujifilm, wanda ya fito a 1998, ya fi sauƙi, yana da hoto goma a kwali, ya kuma fi jure zafi, amma shi ma ba na kowa ba ne. Abin da nake so a ɗauka daga masu wannan kyamara shi ne tarbiyyarsu, kuma ana iya yin ta da wayar da ke aljihu. A ɗauki kaɗan bayan an zaɓa. A kai shago a wanke a takarda. A rubuta a gefe ko a baya, da boko ko da ajami, wuri da rana da abin da ake gani. Farin gefen nan na Polaroid ya koya wa mutane yin haka, hoton da ba shi da suna da kwanan wata kuwa, bayan shekara talatin ado ne kawai. Wanke hoto ba ƙauyanci ba ne. Waya na faɗawa ruwa, ana sace ta, katin ajiya na mutuwa. Mutanen Dutsin-Ma da Kurfi ba su manta watan Satumban 2021 ba, lokacin da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar saboda 'yan bindiga. Duk wanda ya dogara da intanet wajen ajiyar hotunansa, a waɗancan watanni hannunsa bai kai gare su ba.

Maganar tsaro ta kawo mu ga wani ɓangare na tarihin Polaroid da ba a cika faɗa ba. A 1970 wasu baƙaƙen fata biyu ma'aikatan kamfanin, Caroline Hunter da Ken Williams, suka gano cewa da kayan Polaroid ake ɗaukar hotunan takardun izinin zirga-zirga da gwamnatin wariyar launin fata ta Afirka ta Kudu ta tilasta wa baƙaƙe ɗauka. Suka tayar da ƙayar baya, suka rasa aikinsu, amma ba su saki ba har kamfanin ya janye daga ƙasar a 1977. Kyamara tana iya zama makami a hannun mai mulki, saboda haka manomin da ya ɗaure fuska don baƙo ya ɗaga masa waya yana da hujjarsa, balle a yankin da ake fargabar masu kai wa ɓarayin daji labari. Wanda zai yi wannan aiki ya fara da gaida mai unguwa ko sarkin kasuwa, ya faɗi ɗan gidan wa ne da abin da ya kawo shi. Ya nemi izinin mutum kafin ya ɗauke shi, ya kauce wa matan aure da shingayen jami'an tsaro, kada kuma ya kutsa daji saboda kwaɗayin hoto. A nan tsohuwar kyamarar ta fi waya ladabi, domin mai ita yakan ɗauki biyu ya miƙa wa mai kayan ɗaya nan take. Mai waya ma zai iya, in ya wanke ya dawo Laraba mai zuwa ya ce, “Baba, ga naka.”

Akwai wani abu kuma da ya kamata masu tsofaffin shagunan hoto su ji. Bayan kyamarar zamani ta karya kasuwarsa, Polaroid ya daina yin fim a 2008. Wani ɗan Ostiriya, Florian Kaps, da André Bosman, babban ma'aikaci a masana'antar kamfanin da ke Enschede a ƙasar Holan, suka hana a farfasa injinan, suka ce za su ci gaba. Injina na nan, tsofaffin ma'aikata na nan, amma masu kawo sinadaran sun riga sun rufe. Dole suka sake lalubo haɗin daga tushe. Fim ɗinsu na farko a 2010 baƙi da fari ne, yana saurin dushewa, kuma saboda takardarsa ta fi ta da kauri, kwalin da ke cin goma ya koma takwas. Injin da aka tsayar ke nan, da kuɗi da masana a kansa, sai da ya ci shekaru kafin ya miƙe. Dodon hoton da gara ta cinye a bayan shago kuwa babu masanin da zai dawo da shi.

Don haka kirana ga ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma da na Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita, musamman masu karanta tarihi da Hausa da labarin ƙasa: ku bi tsofaffin masu hoto na garuruwan nan biyu tun suna raye, ku nemi izinin kwafar abin da ya rage a akwatunansu, ku zauna da su su faɗa muku wane wuri ne wannan, wace shekara ce. Sannan kowannenku ya zaɓi abu takwas a unguwarsu ko ƙauyensu da yake jin ba za su kai shekara ashirin nan gaba ba, ya ɗauka a hunturun bana, ya wanke, ya rubuta bayani, ya kai kwafi ɗakin karatun makarantarsa.