Gyaran Tuƙi a Abuja Ya Kamata Ya Faro Daga Motocin Gwamnati

Duk ma'aikacin da ke kwana a Mararaba, Nyanya ko Karu, yake kuma wayar gari a Sakatariyar Tarayya, ya san abin da ke faruwa a kan hanyar Keffi zuwa Abuja da misalin ƙarfe bakwai na safe. Motoci sun yi layi tun daga gangaren Kugbo har zuwa AYA, kowa ya haƙura yana matsawa da kaɗan-kaɗan. Can sai a ji jiniya daga baya. Wata baƙar mota mai duhun gilashi ta hau gefen titi, ko ma ta tsallaka hannun da ba nata ba, ta wuce. Kafin ƙurarta ta lafa, motoci goma sun bi sahunta: ɗan tasi, mai bas, da ma'aikacin da minti biyar da suka wuce yake tsine wa masu yin haka. A gaba kaɗan duk za su nemi komawa layi a lokaci guda, hanya ta cushe, tafiyar rabin awa ta koma ta awa biyu.

Abin takaicin shi ne Abuja ba ta da uzurin da sauran biranenmu ke fakewa da shi. Birni ne da aka zana a takarda kafin a aza tubali, aka kuma dawo da fadar gwamnati cikinsa ranar 12 ga Disamba, 1991. Hanyar filin jirgin sama da ta Kubwa suna cikin mafiya faɗi a ƙasar nan. Tun 2006 aka hana 'yan acaɓa shiga tsakiyar birni, don haka ba za a ɗora musu laifin abin da ke faruwa a titin Shehu Shagari ko na Ahmadu Bello ba. Faɗin titin ma ya zama wata fitina, domin direban da ya ga kwalta shimfiɗe ba rami sai ya manta cewa ƙa'ida ta tsayar wa ƙaramar mota kilomita 100 a awa a kan babbar hanya, 50 kuma a cikin gari. Motar da ke gudun kilomita 100 tana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa. Wanda ya sunkuyar da kai daƙiƙa uku don ya duba saƙon WhatsApp ya yi tafiyar fiye da mita 80 bai ga gabansa ba, a hanyar da mutane ke tsallakawa da ƙafa, sau da yawa a ƙarƙashin gadar da aka gina domin su.

Sauran halayen kowa ya san su. Ana karya kwana ba sigina. Ana ɗaukar jar danja a matsayin shawara, musamman da daddare da ranakun hutu. A shataletale, wanda ya fi ƙarfin hali shi ke da hanya. Tun da aka janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, ma'aikata da dama sun koma ɗaukar fasinja a motocinsu don su rage kuɗin mai. Ba ma ganin laifinsu a kan neman mafita, amma tsayawa tsakiyar titi a Berger ko Area 1 ana cinikin kuɗin mota ya ƙara wa Barno dawaki.

Sai dai wannan sharhi bai nufi 'yan tasi da masu kabu-kabu ba. Masu karanta mu mafi yawansu ma'aikatan tarayya ne da hadiman manya, kuma da su muke magana, domin a ganinmu babban malamin tuƙin ganganci a wannan birni shi ne motar gwamnati. Talaka yana kallo. Idan ya ga motar da ke ɗauke da lambar hukuma ta keta danja a gaban jami'in da aka ajiye don ya hana, jami'in kuma ya ƙame ya sara mata, to ya koyi darasi: doka ta marar galihu ce. Daga nan kowa sai ya nemi abin da zai nuna shi ma wani ne. Wannan ya rufe lambar motarsa da fata, wancan ya ajiye hular soja a gaban gilashi, wani ya saya wa kansa jiniya a kasuwa. In ba a ga ƙwai a kan dutse ba, kaza ba za ta hau ba.

Hadimai sun fi kowa sanin yadda abin yake faruwa a cikin motar. Sau da yawa mai gidan yana kujerar baya yana waya, bai ce uffan ba. Wanda ke gaba kusa da direba, riƙe da jadawalin ranar, shi ne ke duba agogo ya ce an makara, a san yadda za a yi. Direba kuwa ƙaramin ma'aikaci ne, ba shi da bakin musu, kuma idan aka yi haɗari shi za a miƙa wa 'yan sanda. Makarar da aka jawo a ofis, saboda taron da aka fara a makare ko baƙin da aka ƙi sallama, ita ake son a biya a kan titi da rayukan mutanen da ba su san hawa ba, ba su san sauka ba. Ƙasar nan ta riga ta ga inda hakan ke kaiwa. Ranar 12 ga Nuwamba, 2013, Farfesa Festus Iyayi, tsohon shugaban ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU, ya rasu a kusa da Lakwaja bayan wata mota daga ayarin gwamnan Kogi na lokacin ta yi karo da motar da yake ciki. An san sunansa, shi ya sa aka yi ta magana. Masu talla da 'yan makaranta da ayarin manya ya ture babu mai riƙe sunayensu.

A watan Oktoban 2024 Shugaba Bola Tinubu ya ba da umarnin kada ayarin minista ko shugaban wata hukuma ya wuce motoci uku, jami'an tsaronsa kuma kada su haura biyar. An yi hakan ne da sunan tsuke bakin aljihu, kuma mataki ne mai kyau. Amma umarnin ya taɓa yawan motoci ne kawai, bai taɓa halinsu a kan titi ba. Mota uku da ke bin hannun da ba nasu ba sun isa su kashe mutum.

Ba mu rasa doka ba, ba mu kuma rasa hukuma ba. An kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, tun 1988, Farfesa Wole Soyinka ne shugabanta na farko, kuma dokar 2007 ta ƙara mata ƙarfi. A 2017 hukumar ta fara tura masu manyan laifuffukan tuƙi a Abuja asibiti don a gwada lafiyar ƙwaƙwalwarsu, abin da ya ba mutane dariya a lokacin, amma ya tsorata da yawa fiye da tara. Dalili kuwa a fili yake: jadawalin tarar da aka daɗe ana aiki da shi ya sa Naira 2,000 a kan keta danja, Naira 4,000 a kan waya a lokacin tuƙi. A ƙarshen 2024 wannan bai kai kuɗin litar mai biyar ba. Ga kuma ruɗanin hurumi. A Oktoban 2024 Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja ta yanke hukuncin cewa jami'an VIO ba su da ikon tsare mota ko cin tarar direba. Masu mota da yawa sun yi murna, kuma wanda ya taɓa shan wahalar tarewar kan hanya zai fahimci murnar. To amma giɓin da hukuncin ya nuna aikin Majalisar Tarayya ne ta cike shi, tunda ita ce ke yi wa Babban Birnin Tarayya doka. A fayyace wa ke kama wa, a kan wane laifi, kuɗin kuma ya shiga asusun gwamnati ta banki, kada ya tsaya a aljihun kowa.

Za a ce manyan jami'ai suna da barazanar tsaro, tsayawa cikin cunkoso haɗari ne gare su. Akwai ƙamshin gaskiya a nan, ga 'yan ƙalilan. Amma idan kowane darakta da kowane mai ba da shawara ya zama abin da za a buɗe wa hanya, jiniyar ta rasa ma'ana. Shi ya sa yau motar ɗaukar marasa lafiya ke kuka a bayan mutane a hanyar Babban Asibitin Ƙasa, babu mai kaucewa, kowa na zaton wani mai muƙami ne yake sauri zuwa ɗaurin aure. Wannan ita ce asara mafi muni da cin zarafin jiniya ya jawo mana, kuma tana iya faɗawa kan iyalin kowa, har da na mai jiniyar.

Haka kuma za a ce cunkoson ne ke sa mutane fita hayyacinsu, kuma ba za a rabu da shi ba muddin ma'aikata na kwana a Nasarawa da Neja suna aiki a tsakiyar birni. Wannan ma gaskiya ne. Jirgin ƙasan cikin gari da aka buɗe a 2018, aka sake farfaɗo da shi a 2024, bai bi ta Nyanya da Mararaba ba, inda jama'ar suka fi yawa. Samar da manyan motocin haya masu tsari a wannan hanya ya fi sabuwar gadar sama amfani ga ƙaramin ma'aikaci. Sai dai wannan aikin shekaru ne, abin da muke nema kuwa ana iya fara shi ranar Litinin.

Muna kira ga Ofishin Shugabar Ma'aikatan Tarayya da na Sakataren Gwamnatin Tarayya su fitar da takardar umarni guda: duk motar hukuma da aka kama ta saɓa hannu, ta keta danja, ko ta kunna jiniya ba bisa ƙa'ida ba, jami'in da aka ba motar shi zai amsa tuhuma a rubuce, tarar kuma daga albashinsa za a cire, ba daga na direba ba. Hukumar FRSC ta riƙa wallafa lambobin irin waɗannan motoci da sunayen ma'aikatunsu duk wata uku. Ministan Babban Birnin Tarayya kuma ya tabbatar fitilun ba da hannu suna aiki dare da rana, da na'urorin ɗaukar hoto a manyan mahaɗu, domin na'ura ba ta sara wa kowa. Hadimin da ke riƙe da jadawalin mai gida kuwa ba ya buƙatar jiran wata takarda: ya sa a fito minti ashirin kafin lokaci.