Wa Ke Riƙe da Makullin Allo a Ƙasar Yauri?

A watan Agustan 2022 hukumar NBC, wadda ke sa ido kan gidajen rediyo da talabijin tun 1992, ta ci tarar Trust TV da Multichoice da StarTimes da TSTV naira miliyan 5 kowannensu, saboda nuna shirye-shiryen bincike kan 'yan bindigar Arewa maso Yamma. Hujjarta ita ce shirye-shiryen na kambama ta'addanci. A watan Mayun 2023 kuma Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja ta ce hukumar ba ta da hurumin cin tara.

Ga mutanen masarautar Yauri wannan batu na gida ne. Ranar 17 ga Yunin 2021 aka kwashe ɗalibai da malamai daga Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yauri, a ƙaramar hukumar Ngaski, wasu 'yan matan sai a 2023 suka dawo hannun iyayensu. Jama'ar da ta ɗanɗana wannan tana da haƙƙin sanin su wane ne maharan da abin da ya haife su. Tarar ta faɗa kan aikin jarida, ta bar yara da abin da suke kallo.

Masu cewa a bar wa iyaye komai suna nuni da lambar sirri da ke jikin dikodar DStv da GOtv, wadda ake kulle tasha da ita. Dabara ce mai kyau a gidan da ke da dikoda da wuta da babba a zaune. Amma masuncin gaɓar Kainji da ya kwana bisa ruwa, ko manomin Shanga da ya wuni a fadamar shinkafa, me zai kulle? Ɗansa yana gidan kallo, ko ya raɓa da wayar yayansa, inda bidiyon gawarwaki da na 'yan bindiga masu baje makamai ke yawo ta WhatsApp da TikTok, ko a tura shi a katin waya kan kuɗi kaɗan. Hannun NBC bai kai nan ba, lambar sirri ma haka.

Ƙofar da za a tsare tana cikin unguwa. Aikin gwamnati shi ne tabbatar da alamar shekaru a kan fina-finai, kamar yadda aka ɗora wa hukumar tace fina-finai ta ƙasa tun 1993. Ƙananan hukumomin Yauri da Ngaski da Shanga kuwa, tare da hakimai da masu unguwanni, su zauna da masu gidajen kallo da masu turin fina-finai a yi ƙa'ida: lokacin da yaro zai bar wurin, da abin da ba a tura wa ƙaramin yaro. Mai gidan kallo a Yelwa ko Wara ya san yaran layinsu da sunan ubanninsu, sanin da babu jami'in Abuja da ke da shi. Abin da ya rage wa uwa da uba shi ne su karɓi wayar da dare, su tambayi yaro me ya gani.