Tsibiri a Ruwan da Ake Gardama a Kansa: Abin da Ya Shafi Mutanen Bagudo

Tsakanin 2013 da 2015 ƙasar Sin ta yi ta yaso yashi daga ƙarƙashin teku tana jibgewa a kan duwatsun ruwa na tsibiran Sfaratli, har ta samar da sabuwar ƙasa wadda ta haura eka 3,000, ta shimfiɗa filayen saukar jiragen sama. Filifin ta kai ƙara, kuma a 2016 kotun sasanci da ta zauna a Heg ta ce ginin bai ƙara wa Sin wani haƙƙi a kan ruwan ba. Sin ta yi watsi da hukuncin.

Mu a nan ba mu da teku, kuma dokar kogi daban take. Amma Kwara na yi mana irin wannan aiki ba tare da inji ba. Duk shekara idan ruwa ya janye sai tudun yashi ya fito inda da babu, masunta su kafa tunga, makiyaya su tsallaka da shanu, manomi ya dasa shinkafa. Wanda ya riga zuwa yakan ɗauka wurin ya zama nasa, har da na ƙasarsa.

Tsibirin Lete, can sama da Gaya, ya isa misali. Rigimarsa ta kai Nijar ga korar 'yan Dahomi a 1963, ba a kuma rufe maganar ba sai 12 ga Yuli, 2005, ranar da Kotun Duniya ta raba tsibirai 25: Nijar ta sami 16 har da Lete, Benin ta sami 9. Alƙalan sun bi layin da ruwa ya fi zurfi a lokacin samun 'yancin kai a 1960, suka kuma duba takardun da suka nuna cewa daga Gaya ake gudanar da mulkin Lete. Tsohon rasit ɗin haraji ya fi bukka ɗari nauyi a gabansu.

Saboda haka muna kira ga hakimai da masu unguwanni na Lolo, Illo da Tsamiya da su adana duk wata takardar haraji, ta shari'a da ta rabon gona. Idan sabon tudu ya fito kusa da iyakar Benin, kada a kafa tuta, kada a kori kowa. A sanar da ƙaramar hukuma, ita kuma ta miƙa batun ga Hukumar Kula da Iyakoki ta Ƙasa a Abuja.