Wahalar da Shanu a Hanyar Kudu: Asarar da Ke Komawa Kan Mai Dukiya

A kowane mako, manyan motoci na lodin shanu daga kasuwannin Maigatari, Potiskum, Wudil da Mubi zuwa kudancin ƙasar nan, musamman mayankar Oko-Oba da ke Agege a Legas. Daga Kano kaɗai tafiyar ta kai kimanin kilomita 1,000. Sau da yawa akan cunkusa dabbobin fiye da kima, a ɗaure musu ƙaho da wuya, su yi kwanaki ba ruwa ba ciyawa, ga dukan sanda wajen lodi da saukewa.

Wannan lamari bai tsaya ga rashin tausayi ba. Likitocin dabbobi sun tabbatar cewa saniyar da ta galabaita kafin yanka namanta kan yi duhu, ya kuma yi saurin lalacewa. Inda sanda ta sauka jini kan taru, dole mahauci ya yanke wurin ya zubar. Kirgin da ya sha tabo ba ya daraja a wajen majema. Wadda ta mutu a mota kuwa ta zama mushe, uwar kuɗi da riba sun tafi. Haka nan yanka saniya mai ciki asarar rai biyu ce, alhali wata tara kacal take ɗauka ta haihu.

A shekarar 2016 an gwada jigilar shanu ta jirgin ƙasa daga Gusau zuwa Legas, a 2024 kuma Gwamnatin Tarayya ta kafa Ma'aikatar Bunƙasa Kiwon Dabbobi. To amma gyara na haƙiƙa a bakin kara yake farawa, domin a nan ake lodi.

Saboda haka ya wajaba shugabannin ƙananan hukumomi, malaman dabbobi, sarakunan fawa da dillalai su haɗa kai. A gina dakalin lodi, a tanadi kwamin ruwa, a ƙayyade adadin da kowace mota za ta ɗauka, a kuma duba kowace saniya kafin a sayar da ita don yanka. Dokar Penal Code ta haramta azabtar da dabba, addini ma ya yi umarni da kyautata mata har a lokacin yanka. Makiyayin da ya shekara huɗu yana kiwo bai cancanci a lalata masa dukiya cikin kwana uku ba.